Ranar da Na Sayar da Ja da Farin Harshe

Ku daina dariyar haƙorana, 'yan nan. Na gan ku, tun da na buɗe baki Asma'u take zungurin ta kusa da ita. E, sun rine, ko gawayi da asuwaki ba sa fitar da su. Kun zo in koya muku sana'ar jan abinci, kuma na ji abin da kuke faɗa a zaure kafin ku yi sallama: wai me ke ciki, a daka kara, a tankaɗe, a ƙulla a leda, a ɗauki hoto a waya, shi ke nan. Wai kuma ku ba za ku riƙa lasa a gaban mutane ba, ƙauyanci ne. To, ku gyara zama. Yau ranar kasuwar Jega ce, kun kuwa same ni a gida, don ina azumi, kuma ranar da nake azumi ba na sayar da ja ko na sisi. Ni Hajo Mai Ja na tsufa a wannan aiki, amma wallahi har yau in na ɗaga murfin gwangwani sai gabana ya faɗi.

Aikin farko da Gwaggo Tumba, yayar babana, ta sa ni a nan Danwarai shi ne ɓare karan dafi. In ba ku taɓa ganinsa a gona ba, dawa ce, sai dai ba don tsabarta ake shuka ta ba. Manoma kan jera ta a bakin gona, mu kuma abin da muke nema shi ne ɓawon nan da ke rungume da karan daga gaɓa zuwa gaɓa, wanda kan yi ja wur in kaka ta gabato. Da farce ake zare shi, gefensa kuwa yanka yake. Na yi wata guda yatsuna a tsattsage, in na tsoma hannu a ruwan kanwa sai hawaye. Gwaggo ba ta taɓa ce mini sannu ba. Abin da take cewa kullum shi ne, "Duba da kyau, ke! Wanda ke da baƙin tabo ki yar, ruɓa ce, kuma cikin mutum za ta."

A inuwa ake shanya shi, a kan tabarma bisa rumfa, don rana tana cinye jan, ƙasa kuma tana sa masa raɓa. In ya bushe har yana ƙara a hannu sai turmi. Turminsa daban ne, taɓaryarsa daban, rariyarsa daban. Wata rana Gwaggo ta tafi gaisuwa, na ga turmin miya yana hannun wata, na ce bari in daka 'yar daddawa a na ja, in wanke, wa zai sani? Tana dawowa ta sa hanci a ciki. Ko zagi ba ta yi ba. Ta aika aka kira mai gatari, ya faskara turmin a gabana, kuma da shi na dafa tuwon gidan kwana uku.

Sannan ja ba ɗaya ba ne, kowanne da halinsa. Zoɓo tsami yake so, in kin kuskura kanwa ta taɓa shi sai ya koma baƙi-baƙi, ko akuya ba ta sha. Karan dafi kuwa kanwa ce ke fito da shi, in kin sa masa tsamiya sai ya koɗe ya koma ruwan goro. Busasshen tattasai mai yake so, a ruwa yawo kawai zai yi a sama. Akwai wani mahauci a Jega da ya taɓa zuwa mini ana saura kwana biyu Sallah, idonsa ja, kilishinsa duk ya fito fari fat kamar fatar ganga. Na haɗa masa tattasai kashi biyu, karan dafi kashi ɗaya, na ce ya fara jiƙa karan a ruwan ɗumi da ɗan gutsuren kanwa kafin ya zuba a labu, wato kwaɓin ƙuli da yaji da ake tsoma naman a ciki. Ya yi haka, ya sayar da kilishinsa tas. Ku riƙe wannan, don zai dawo a labarin: karan dafi na gaske ba ya sakin jansa nan take a ruwan sanyi, sai an lallaɓa shi.

Amma duk wannan ba shi ne sana'ar ba. Dokar Gwaggo ita ce, duk ƙullin da za ki miƙa, duk gwangwanin da zai bar hannunki, sai kin tsoma ƙaramin yatsa kin ɗora a harshenki a gaban mai saye, kin kuma nuna masa harshen. Tana cewa ido ba ya sanin ja. Jan ƙasa ja ne, garin bulo ja ne, garin rinin tufafi da 'yan ha'inci ke gaurayawa shi ma ja ne. Harshe ne kawai ya san baurin karan dafi da ƙamshinsa na busasshen kara. Matan Fulani masu rina cuku sukan tsaya su yi ta dariya in na zaro harshe, masu kunu da masu alewa haka. Ina dariyar tare da su, ina auna musu. Shekaru na yi a haka ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Akwai wani jan da ya kamata ku sani, don duk gidan manomi daga nan har Aliero akwai shi. Maganin iri ne, garin nan da ake cuɗa tsaba da shi kafin shuka, don gara da tsuntsaye. Maigidana, Malam, manomin albasa ne da gero, kowace damina sai ya saya. Na taɓa ganin aikinsa da idona. Zabbin maƙwabtanmu sun shiga gona sun tone shuka da safe, kafin azahar guda bakwai suna kwance a gindin kuka, ƙafafu a miƙe, baki na zubar da yawu. Haƙa rami aka yi aka rufe su, ko kare ba a bari ya kusanta ba.

To, shekarar da nake son ba ku labari, ruwa ya yi jinkiri, kowa ya gyara irinsa yana duban gabas. Ni kuma ina ramuwar azumi. Ina ajiye garina a gwangwanayen madara masu murfi, a jere bisa wani katako can sama a ɗakin ajiya, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ranar kasuwar Jega na makara, motar kasuwa tana ta oda a bakin hanya, na miƙa hannu na kwashe gwangwani biyar na zuba a buhu na fita da gudu.

Da hantsi sai ga Yaya Dije, wata dattijuwa daga Karaye ta ƙasar Maiyama. Ta fi shekara goma tana saye a wurina. Ta zauna a kan bencina tana haki ta ce, "Hajo, ɗiyata Rabi ta haihu, ta samu ɗiya mace. Amma ta zubar da jini ƙwarai, ko tsayuwa ba ta iyawa. Gobe kwana huɗu, za mu yi kunun kanwa a raba wa unguwa. Ba ni gwangwani guda, in dama mata shi ja wur ko jininta ya dawo."

Kun san yadda muke yi, kunun mai jego da karan dafi ake yinsa a ƙasar nan. Na yi mata barka, na ciro gwangwani, na ɗaga murfin rabi, na ga ja, na ga a cike yake. Yatsana har ya tafi da kansa, sai na tuna ina azumi, na janye shi. Na san an ce ana iya taɓawa a tofar, amma ni tsoron karyewar azumina ya fi ƙarfi a lokacin. Ga mutane uku tsaye suna jira, ga ƙaurin barkono daga injin niƙa ya toshe wa kowa hanci. Na ce a raina, ni na daka, ni na tankaɗe, ni na zuba, me zan lasa? Na danne murfin na miƙa mata. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ƙulle shi a gefen zaninta ta tafi.

Washegari muka tashi ƙasa a jiƙe sharkaf, an yi ruwan shuka. Ina tsakar gida ina hura wuta, Malam ya zuba gero a daro ya shiga ɗakin ajiya. Ya fito da gwangwani, ya buɗe, ya tsaya. Ya kai hanci.

"Hajo, wanga ba nawa ba ne. Naki ne."

"Mi kake nema cikin kayana?"

"Maganin irin da na awo shekaranjiya. Ledar ta fashe, na juye shi cikin wani gwangwaninki da babu komi, na aza shi sama don yara. Na bakin katako."

Na bakin katako shi ne na farko da hannuna ya taɓa jiya. Ban san lokacin da na zazzage buhun kasuwa a ƙasa ba. Biyar na tafi da su, huɗu na dawo da su, don sauran ciniki duk daga ƙulle-ƙullen leda na yi. Na buɗe na farko na lasa, bauri. Azumin ranar ko tuna shi ban yi ba. Na biyu bauri, na uku, na huɗu. Na koma ɗaki na sauko da duk na kan katakon, ina buɗewa ina lasa, ina fatan in ji ɗacin guba a bakina, wallahi fata nake. Duk karan dafi ne. Gwangwani ɗaya tak ya bar hannuna, kuma yana Karaye, gidan mai jego.

Na zauna a laka. Innalillahi kawai nake iya faɗa. Malam ya bar daron gero a nan ga kaji ga awaki, ya turo mashin. Na hau da zanin aikin da ke jikina, na yafa wani a ka, takalmi ma ashe ƙafa ɗaya nawa ne, ɗaya na Malam.

Ba ni da lambar kowa a Karaye. Lokacin waya ba ta yi yawa ba, kuma ni da Yaya Dije a baki muke cinikinmu. Abin da na sani shi ne tsarin gidan jego: da asuba a ɗora ruwan wanka, rana na fitowa a yi wa mai jego wanka, tana fitowa daga wanka a miƙa mata kunu da zafinsa, sannan a bi gidaje da kwanoni. Rana kuwa ta riga ta fito. Daga Danwarai zuwa Aliero laka ce zalla, sau biyu muna faɗuwa, gwiwata ta fashe ban ji ba. Ga shi duk gonar da muka wuce cike take da masu shuka, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a baya, tafin hannun kowa ja da maganin nan. In na rufe ido sai in ga zabbin gindin kuka, sai in ga Rabi, wadda na sani tun tana riƙe gefen zanin uwarta a kasuwa.

A Jega mai ya ƙare. Malam na zuba wa mashin man kwalba, ni na ruga tashar motocin Maiyama kamar mahaukaciya, ina tambayar direbobi wa ke da lambar wani a Karaye. Wani dattijon direba ya dubi lakar jikina ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce, "Babu lafiya, guba na sayar wa mai jego." Bai sake tambaya ba, ya ciro waya ya kira wani mai shago da ya sani a can. A kashe. Ya kira wani, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya sake, ya sake. Ya ce, "An yi ruwa, kowa na gona. Ku tahi, ni zan ci gaba da kira."

Muka kama hanyar Maiyama. Iska na dukan fuskata, ina kallon inuwarmu a kwalta tana gajarcewa. Ina lissafin gidajen da ake kai wa kunun haihuwa a ƙauye: ai kowane gida ne, kuma yara ne ke fara rufar wa kwanon. Can Malam ya juyo da kai ya ce, "Laihina ne, Hajo." Na ce, "Ba kai ka miƙa mata ba. Ja mu tahi." Haka muka yi ta gudu har muka sauka daga kwalta.

Karaye shiru, maza duk sun fita. Wani tsoho a ƙofar masallaci ya nuna mana gidan da sanda. Tun daga nesa na hango jiƙaƙƙen ganyen darbejiya na wankan jego an zubar a bakin ƙofa, yana tururi. An gama wanka ke nan. Na diro kafin mashin ya tsaya, na faɗa gidan mutane babu sallama, ina ihu, "Kar a sha! Kar a sha kunun!"

Ga tukunya a kan murhu. Ga kwanoni a jere a tsakar gida sun fi ashirin, kowanne da faifai a kai. Ga mata uku sun miƙe tsaye suna kallona. Ga Rabi zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, jaririya a cinya, kwano a gefenta da ludayi a ciki. Na sa ƙafa na yi fatali da kwanon. Na kama haɓarta da hannuna mai laka na ce, "Buɗe bakinki!" Yarinyar ta tsorata ta buɗe. Harshenta fari. Na sa ta ɗaga shi, na duba dasashi, fari. Na bi matan nan uku ɗaya bayan ɗaya, na bi wasu yara biyu da ke raɓe a bango. Duk fari.

Na ce, "Ba a kai ko'ina ba?"

Rabi ta ce, "Inna ta hana. Ta ce kowa ya dakata, kada kwano ya fita. Ni yunwa nika ji tun ɗazu, ta ce in jira sai ta ga yadda ya zauna mata."

"Ya zauna wa wa?"

"Ita. Ta sha ludayi biyu."

"Tana ina?"

"Ta zagaya. Ta daɗe kuwa."

Na same ta a bayan ɗaki, durƙushe, ta dafa bango da hannu ɗaya. Ta yi amai har ya ƙare, gumi ya jiƙa rigarta, yawu na dalala, jikinta na karkarwa. Na rungumo ta. Bakinta a buɗe yake, harshenta ja, wani irin ja mai haske da ban taɓa dakawa ba. Ta ɗago ido da ƙyar ta gane ni. Ta ce, "Hajo, jiya ba ki lasa ba."

Daga baya ne matan suka ba ni sauran. Da ta zuba garin a ruwan sanyi, nan take ruwan ya rine har da kumfa, ta ce wannan ba halin jan Hajo ba ne. Citta da kanumfari da barkono sun danne warin. Ita a zatonta na fara gauraya garin kanti ne irin na 'yan ha'inci, guba ko a mafarki ba ta kawo ba. Ta dama, ta zuba a kwanoni, sai zuciyarta ta ƙi. Ta ce wa matan, tunda mai shi ba ta lasa ba, ita za ta lasa.

Na ƙwala wa Malam kira ya shigo. Aka ɗora ta a mashin, wata ƙaƙƙarfar mata ta hau baya ta riƙe ta, na cusa wa Malam gwangwanin a aljihu don ya nuna wa likita, suka nufi asibiti a Maiyama. Ni aka bari a gidan.

Na roƙi fartanya na haƙa rami a bayan gida. Ni kaɗai na kwashe kwanonin nan na juye, na juye tukunyar na fasa ta a ciki, na kankare ƙasar wurin da na zubar da kunun Rabi, ina yi ina korar kaji. Kafin in gama labari ya kai gonaki. Maza suka fara dawowa da sungumi a kafaɗa, mata suka cika gidan har zaure. Na zauna na jingina da bango. Ina jin wata na cewa, "Ita ce, mai gubar." Wani daga waje ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce ba sai an kira kowa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba tsoron dukan ba ne kawai. Duk ƙarar mashin da na ji sai in ce ga shi nan an dawo da ita a nannaɗe.

Rabi ce ta hana a taɓa ni. Ita da ko tsayuwa ba ta iyawa, ta dafa ƙofa ta miƙe da jaririyar a kafaɗa ta ce, "Ku dubi ƙafarta. Wadda ta yi da gangan ba ta zuwa da takalmin mijinta. Ku bar ta sai mun ji." Ta koma ta zauna. Ba ta sake kallona ba, ni ma ban iya kallonta ba. Haka muka yi azahar, tsakaninmu bai fi taku biyar ba.

Ana kiran la'asar Malam ya dawo shi kaɗai. Babu kowa a bayansa. Ya tsaya a zaure ya ɗaga murya ya ce an wanke mata ciki, an sa mata ruwa, ta buɗe ido har ta tambayi ko an ba Rabi abinci. Likita ya ce aman da ta yi da wuri ne ya taimake ta. A nan ne na fashe da kuka, gaban mutanen da ban sani ba.

Ta rayu, amma shekarar ta ci ni. Labari ya riga ni isa Jega. Mahauta suka ɗauke ƙafa, har wancan na kilishin Sallah, in ya hango ni sai ya duƙar da kai. Matan Fulani suka koma bin ɗaya layin. Na kwashe duk garin da ke kan katakon nan, aikin shekara guda, na rufe a rami, don ban san wane cokali ya taɓa wane ba. Da kaka ta yi na je Kimba wurin manoman da nake sayen kara, na ɓare sabo, na daka, na koma rumfata. Kasuwa bayan kasuwa ina zaune, ƙuda ne kawai ke zuwa. Malam kuwa ya gina wa magungunansa wani ɗan ɗaki a gona da kwaɗo, bai kuma sake awo maganin iri a leda ba, sai mai takarda a rufe. Ni dai barci ya ƙaurace mini, ko tuwo zan tuƙa wa yarana sai na ɗanɗana garin sau biyu.

Bayan an gama cire albasa, wata ranar kasuwa ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai na ga sanda ta tsaya a gabana. Yaya Dije ce. Ta rame ƙwarai, wuyanta ya yi tsawo. Rabi na bayanta goye da yarinyar, har ta fara zama. Duk layin ya yi tsit, mai injin niƙa ma ya kashe injinsa. Ta zauna a kan bencin nan inda ta saba zama, ta ce, "Ƙanwar Rabi ta haihu. Ba ni gwangwani guda."

Na ciro gwangwani na ɗaga murfin. Na tsoma yatsa, na ɗora a harshe, na nuna mata. Ta matso da fuskarta ta duba sosai, ba ta yi sauri ba. Ta ce, "Na ƙasan fa?" Na zura cokali har gindin gwangwanin na ɗebo, na lasa, na nuna. Sannan ta karɓa ta ƙulle a gefen zani. Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe tun ina kwance. Amma ki ji, Hajo, gari kowa na da shi a kasuwar nan. Ni harshenki nika saye."

Daga ranar mutane suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya. Ita kuwa ta ci gaba da saye a wurina har Allah ya yi mata rasuwa da tsufanta, amma Rabi ta gaya mini cikinta bai sake riƙe kunun kanwa ba. Takan dama wa 'ya'yanta da jikokinta, ita sai dai ta zauna gefe da farin koko.

To, kun ji dalilin da ya sa kuka same ni a gida ranar kasuwa. Ga gwangwani nan a gabanku, tun safe ban buɗe shi ba. Ni na ɓare, ni na daka, ni na zuba, babu wanda ya shiga ɗakin nan sai ni. Waccan ranar ma da an tambaye ni, haka zan rantse. Asma'u, ke kika fi kowa dariya, matso. Buɗe shi, ki kai hanci tukuna. Yanzu sa ƙaramin yatsa. A'a, kar ki dubi 'yan uwanki, ni za ki duba. Miƙo harshen in gani.